Ƙyaure a Ƙarƙashin Katifa

Wata huɗu ke nan da aka kawo mini katifa. 'Yata ta fari, Bilkisu, ita ta aiko da ita daga Abuja a cikin kwali, a naɗe tamau. Da aka yanke ledar sai ta yi ta kumbura a tsakar ɗaki kamar ƙullin da aka cika wa yis. An ce irin ta zamani ce, wadda take tuna siffar jikin wanda ya kwanta a kanta. Na ce a raina, ai kuwa an yi ɓatan adireshi, domin siffar jikina a yanzu ita ce abin da nake roƙon a manta. A baki kuwa cewa na yi Allah ya yi albarka. Tun daga ranar, kowace safiya sai na yi shawara da ƙuguna kafin in tashi, kamar yadda a da nake zuwa wurin hedimasta neman hutu: a hankali, da ladabi, ba tare da sa ran za a amince ba.

Makon jiya aka kai ni wurin masu gashin ƙashi. Wani matashin likita, wanda ba na shakkar na taɓa zane sa'an ubansa a aji, ya lallatsa bayana, sannan ya miƙo mini takarda mai zane uku. A na farko mutum ya kwanta rigingine a ƙasa, ya ɗora ƙwaurinsa a kan kujera. A na biyu ya kwanta ta gefe, da matashi tsakanin gwiwoyinsa. Na uku yana nuna yadda ake tashi: a mirgina gefe, a sauke ƙafafu, a tokare da hannu. Ya ce, "Baba, haka ake koyarwa yanzu." Na daɗe ina kallon zanen, sai na ji bakina ya ce, "Turmi, gammo, raƙumi." Ya ce, "Na'am?" Na ce ba komai, tsufa ne. Ina zai sami lokacin jin sauran bayanin, ga mutane a layi kowa riƙe da ƙugunsa?

Gyaɗi-Gyaɗin da na tashi a ciki ba ita ce wannan da mutum zai tsufa a bakin titi yana jiran tsallakawa ba. A lokacin gari ne da ya yi tafiya ya gaji ya zauna a bakin gona. Daga ƙofar gidanmu zuwa makarantar da na fara koyarwa a Tarauni, da damina, kekena ta tsakanin dawa da gero yake bi, raɓa tana jiƙa mini ƙafar wando. Ba a daɗe da mayar da motoci hannun dama ba, jakuna dai sanarwar ba ta iso musu ba. Da ido rufe kana iya faɗin lokaci a unguwar: da sassafe tsintsiya da gugar rijiya, da hantsi lugude daga gida zuwa gida, wannan ta ajiye waccan ta ɗauka, can nesa manyan motoci suna nishi a titin Zariya. Da azahar ta wuce sai komai ya yi tsit, har kaji su buɗe baki a inuwa. Yanzu ba wannan shirun. Janareta ya gaje shi, shi kuwa bai san azahar ba.

Inna, mahaifiyata, mai ƙuli-ƙuli ce. Da shi ta riƙe gidan bayan rasuwar Baba, da shi na gama kwalejin horon malamai. Wanda bai sani ba yana ganin ƙuli-ƙuli abin taunawa ne kawai. A soya gyaɗa da rairayi a kasko, a murje, a sheƙe ɓawo, a kai niƙa, sannan a zuba a turmi a riƙa tsiyaya ruwan zafi ana juyawa da taɓarya, a sunkuye, har mai ya taso ya rabu da tunkuza. Wannan juyin shi ne aikin, shi ne kuma yake cin baya. Wani mai tsire a Unguwa Uku ya yi shekaru ba ya haɗa yajinsa sai da ƙulin Inna, abin da take alfahari da shi ke nan fiye da yadda ta yi alfahari da takardar shaidata.

Bayanta yana ciwo tun ina ƙarami, amma ta san yadda take zama da shi, kamar yadda ake zama da maƙwabci mai faɗa. A ɗakinta akwai tsohon turmi da ya tsage ya daina aiki. Kullum bayan azahar sai ta kwantar da shi a gicciye, ta shimfiɗa tabarmar kaba a kan daɓe, ta kwanta rigingine, ta ɗora ƙwaurinta a kai, ta ja zane ta rufe har yatsun ƙafa. Ba barci take ba, idonta biyu, tana jan carbi. In za ta yi barcin dare kuwa, gefen dama take kwanciya, ta ɗauki gammon da take ɗaukar kaya da shi ta sa tsakanin gwiwoyi. Tashinta kuma abin kallo ne: sai ta mirgina, ta tokare da hannu, ta durƙusa, ta dakata, sannan ta miƙe, daidai yadda raƙumi yake yi. Na sha jin tana ce wa ƙanwata Hanne, "Ni ba na tashi gaba ɗaya. Gaɓa-gaɓa nake tashi, wadda ta riga farkawa ta jira 'yan uwanta."

Na ce na ji tana ce wa Hanne, domin ni ba ta ce mini komai. Ni ne ɗan fari. Yaran yanzu sai an yi musu darasi kafin su gane wannan: uwa ba ta kama sunan ɗanta na fari, ba ta hira da shi, ba ta nuna a gaban mutane cewa ta damu da shi. Kunya ce, ba ƙi ba. Inna kuwa ta kai abin matuƙa. In na durƙusa a bakin ƙofa da safe na ce, "Inna, ina kwana," sai ta amsa wa tukunya. Duk abin da take so in sani, ta bakin Hanne yake bi, ko da ina zaune taku uku daga gare ta. "Hanne, a tambayi mutanen makaranta ko sun ci abinci." Hanne ta juyo ta ce, "Yaya, wai ka ci abinci?" Ni kuma in ce, "A ce mata na ci." Haka muka yi shekara da shekaru, ba mu taɓa samun saɓani ba. Sai a shekarar da na fara aiki aka yi bikin Hanne, aka kai ta Daurawa. Gida ya rage daga ni sai Inna sai kaji. Tafintarmu ta tafi, ni kuma ban lura cewa an rufe ofishin ba.

A lokacin kaina cike yake da littafin kiwon lafiya na aji biyar. Na koyar da shi har na yarda da shi. A ciki akwai hoton yaro mai tsafta a kan gado, kusa da shi hoton wani a ƙasa, ƙudaje na yi masa rakiya. Ganin uwar malamin makaranta guda kwance a daɓe, ƙafa a kan fasasshen turmi, sai ya riƙa yi mini kamar kuskure ne a allo da kowa ke gani ban goge ba. Da albashi ya fara shigowa na tafi Sabon Gari na sayo gadon ƙarfe mai ragar waya, da katifar soso, da matasai biyu. Aka ɗora a amalanke. Akwai gajeriyar hanya zuwa gidanmu, amma ni ta gaban masallaci na ce a bi, ina biye ina tura keke, ina amsa "Allah ya sa albarka, Malam" da fuskar wanda bai so a gani ba.

Mata suka cika gidan. Aka yi guɗa. Maƙwabciyarmu Hajiya Uwani, wadda labari ba ya kwana a bakinta, ta hau gadon ta zauna, ya lotsa ya dawo da ita, ta ce, "Wayyo, Inna, kin haifu! Wannan ai ko matar joji." Ɗakin ƙarami ne, don haka na mirgino turmin waje, na kafa shi a bakin rijiya ina ɗora kwanon wanke fuska. Hanne ta zo ranar, sai na yi amfani da ita karo na ƙarshe, na yi mata lacca da ƙarfi yadda za a ji: daɓe sanyi ne da shi, ƙwari na bi, kuma mutum ya kwanta a miƙe sambal shi ne daidai, ba a naɗe kamar jinjiri ba. Inna tana tsaye a bakin murhu. Ta dubi wata jar kaza da ke tsince-tsince a gabanta ta ce, "Allah ya yi wa masu saye albarka." Na ji kamar an ba ni lambar yabo.

Damina ta sauka. Abin da ya biyo baya na gan shi duka da idona, ɗaya bayan ɗaya, kuma na karanta shi a juye, ni da ake biya don in koya wa 'ya'yan mutane karatu. Da farko ƙamshin suya ya koma yau a yi gobe a huta. Daga nan juyin turmi ya riƙa tsayawa tun kafin mai ya taso, sai in ji shiru mai tsawo, sannan a ci gaba. Wata la'asar na dawo na tarar tana salla a zaune. Wata safiya kuma ina ɗaure littattafai a bayan keke, na ji ta ce wa jar kazar nan, "Ke kam kin huta. Inda kika ga dama nan kike kwana." Na yi murmushi, na ce tsofaffi akwai iya zance, har na faɗa wa abokan aikina a ofis muka yi dariya. Abin da na fahimta shi ne aikin ƙuli ne ya cim mata, kuma Allah ya taimaka gadon ya zo a kan kari. Na sayo man zafi na ajiye a bakin ƙofarta. Na tsaya a tsakar gida na gaya wa iska cewa mai ciwon baya ya kamata ya yawaita kwanciya a gado, har da rana. Ta kuwa yawaita. Mai tsiren Unguwa Uku ya aiko sau biyu aka ce babu, bai aiko na uku ba.

Wata Asabar da rana ina ɗakina ina duba littattafan yara, sai ga Goggo Ladi, ƙanwar mahaifina, mai sayar da daddawa a kasuwar Tarauni. Ita kam babu kunyar kowa a tsakaninta da ni, tun ina tsumma take zagina. Ta shiga wurin Inna ta daɗe, ta kamo ta a hankali ta zaunar a inuwar darbejiya, sannan ta tsaya a ƙofata.

"Kai, Ticha. Aje jan biron nan ka zo."

Na bi ta ɗakin Inna. Ta nuna gadon. "Hau."

"Haba Goggo, gadon Inna?"

"Kai ka saya, ai ka ɗanɗana. Hau ka kwanta, miƙe sambal ɗin nan taka."

Na hau. Ragar wayar ta riga ta saki a tsakiya. Ƙuguna ya nutse, kaina da ƙafafuna suka yi sama, na zama kamar yaron da aka goya da zane. Na yi ƙoƙarin juyawa gefe, ramin ya mayar da ni. Na yunƙura in tashi, ba inda zan tokare hannu, duk inda na danna sai ya bi ni. Ni mai shekara ashirin da 'yan kai, sai da na kama ƙarfen kai na ja jikina.

"Wata nawa?" in ji Goggo.

Na ce, "Huɗu."

"Kai ko minti huɗu ba ka yi ba kana nishi kamar tsohuwar akuya."

"To me ya sa ba ta faɗa ba?"

Goggo ta tafa hannu. "Ta faɗa wa wa? Ashe bokon naku har da mantuwa ake koyarwa? Sau nawa ta faɗa wa kaza? Kazar ma ta gane, kai ne ka rage."

Na ce to yanzun nan zan fitar da shi. Ta ce, "Sannu, sarkin dabara. Duk Gyaɗi-Gyaɗi ta ga shigarsa, har ta gaban masallaci ka bi da shi, an gaya mini. In ya fita me za a ce? Ko ɗan ya ƙwace, ko uwar ta raina. Zaɓi wanda kake so Uwani ta kai gidan suna."

"To ta koma ƙasa, gadon ya zauna na ado. Wa zai sani?"

"Ita za ta sani. Ka ɗauka ban ce mata haka ba? Cewa ta yi abin da yaro ya yi gumi ya sayo, ba za ta kwanta a ƙasa tana kallon ƙafafunsa ba. Ta ce in ta yi haka, kullum ya gaishe ta da safe ƙarya ce a tsakani." Muryar Goggo ta sauka. "Ka ji ni da kyau. In ta ƙara wata guda a ramin nan, ba ƙuli ba, ko buta sai an ɗaukar mata. Uwarka kuwa ranar da aka fara ɗaukar mata buta, ka fara neman likkafani."

Na tsaya ina kallon gadon. Na ce in aka sa katako a ƙarƙashin katifar fa, ya hana ta lotsawa? Zan je wurin kafinta. Ta ce, "Ka wuce ta ƙofar Uwani da katako tsawon mutum, ta tambaye ka gini kake ko makara? Ba abin da zai shiga ta zauren nan, ba abin da zai fita." Ta ƙofar ɗakin Inna ana hango nawa ɗakin a tsallaken tsakar gida. Ƙyaurena a buɗe yake, na katako ne mai kauri, Baba ne ya sa aka yi shi shekarar da aka gina ɗakin. Na dube shi, Goggo ta dubi inda nake duba. Ta ce, "Yawwa. Ashe akwai saura a kan."

Ta fita ta ɗora ruwa, ta ce za ta gasa wa Inna baya, ta ja ta bayan ɗaki. Ban taɓa ganin gashin da ya daɗe kamar wannan ba. Kowane lokaci sai in ji ta ɗaga murya, "Ruwan nan ya huce, bari in ƙara ɗumama shi." Ni kuwa ina fama da ƙusoshin da suka yi tsatsa tun ina firamare, da wuƙar kicin da sifanar keke. Na fasa farce, na koyi cewa ƙyaure ya fi yadda ake zato nauyi in ba bango a bayansa. Na cire sakatar, na ja shi a ƙasa har ɗakinta, na ɗaga katifa na kwantar da shi a kan ƙarfen kai da na ƙafa. Ya hau daidai, sai ɗan abin da ba a rasa ba a gefe. Na mayar da katifa, na ja zanen gado ya sauko ya rufe. Sannan na sauke kwanona, na mirgina turmin na mayar da shi ɗaki, na ture akwati na samar masa wuri shi da tabarmarsa. Gammon ne na nema na rasa. Goggo ta leƙo, ta warware tsohon ɗankwalinta, ta naɗa wani kafin in ƙifta ido, ta jefa kan gado.

Na koma ɗakina na zauna da jan biro a hannu, ba ƙyauren da zan ɓoye a bayansa. Goggo ta shigo da Inna. Ina hango ta ta zauna a bakin gado da shirin wanda ya saba a nutsar da shi. Gadon bai motsa ba. Ta ɗora tafin hannu ta danna, ta matsa gaba ta sake dannawa. Ta dubi turmi. Ta ɗauki gammo ta juya shi. Sannan ta ɗaga kai ta dubi tsallaken tsakar gida, ba ni ba, ramin ƙofar da nake zaune a ciki. Jar kazar tana bakin ƙofa. Inna ta ce mata, "A gaya wa masu ɗakin can su nemi asabari. Damina ba ta ƙare ba, sauro kuma bai san malami ba."

Wannan ita ce magana mafi tsawo da ta taɓa yi a kaina ina ji, kuma a wannan karon ban nemi tafinta ba.

Ba zan ce komai ya dawo ba. Bayan 'yan makonni ta koma salla a tsaye, ƙamshin suya ya dawo gidan, bayan azahar kuma in na wuce sai in hango yatsun ƙafarta a kan turmi. Amma juyin mai ba ta sake yin sa ba har ta bar duniya. Tunkuza take saye a wurin wasu ta mulmula ta soya, tana cewa kaji wannan ba hannunta ba ne. Mai tsiren nan bai dawo ba. Wata huɗun nan sun tafi da abin da ba wanda ya iya mayar mata, kuma ni na kawo su gidan a amalanke. Ta yi sauran shekarunta a kan ƙyauren, mata na shigowa suna yaba gado. Ni kuma na zauna da asabari har na yi aure, ruwa yana feso mini littattafan yara. Duk wanda ya tambayi ƙyaure sai in ce gara ta ci.

Da aka haifi Bilkisu na yi alkawarin ba zan yi mata wannan kunyar ba. Ranar suna na kira sunanta da ƙarfi, tsofaffi suka riƙe baki. Na goya ta a keke, na yi mata bitar karatu, yanzu har gardamar siyasa muke yi a waya. Na daɗe ina ganin al'ada ce ta kusa karya Inna, kuma ni na yi maganin al'adar. Ga shi kowace Juma'a sai ta kira.

"Baba, ya katifa?"

"Madalla, Bilkisu."

"Ka tabbata? Muryarka kamar ba ka yi barci ba. In ba ta yi maka ba ka faɗa, a canza, ba wani abu ba ne."

"Ta yi, 'yata. Ta yi sosai. Allah ya yi miki albarka."

Sai in ajiye wayar in ci gaba da riƙe ƙugu. Na san ranar da ta je ta zaɓo ta, na san yadda ta tsaya a waya tana jiran in ce na hau. Takardar likitan tana cikin aljihuna. Da rana nakan kwanta a ƙasa in ɗora ƙafa a kujera, wannan ba laifi. Amma in dare ya yi, ban ga yadda zan shimfiɗa tabarma in kwana ina kallon katifar daga ƙasa ba.

Na zaga gidan nan na duba ƙofofinsa. Duk na ƙarfe ne, an liƙe su a siminti, ko Goggo ta dawo duniya ba za ta iya da su ba. Bilkisu za ta zo ƙarshen wata. Jiya na sa an sayo mini kaza guda, ja, an ɗaure ta a tsakar gida daidai tagar ɗakin baƙi, inda Bilkisu take sauka. Tun safe nake zaune ina tsara abin da zan gaya wa kazar.